Me ya sa bugun Graduale bai yi daidai da tsofaffin rubuce-rubucen hannu ba?

Ɗan Zabura

Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan waƙar Giregori, wato tsohuwar waƙar ibada ta Latin a Ikilisiyar Katolika, musamman ga waɗanda suka daɗe suna aiki da Graduale Triplex, littafin waƙoƙin Misa mai jera rubutu iri uku.

Duk wanda ya buɗe littafin ya san fasalinsa: sautuka masu kusurwa huɗu a kan layi huɗu a tsakiya, sai niyum, wato tsofaffin alamun kari da ake zanawa a kan kalmomi: na rubutun hannun garin Laon da baƙin tawada a sama, na dangin rubutun gidan sufaye na Saint-Gall da jan tawada a ƙasa. Damuwar ita ce, ukun nan ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Akwai inda bugun ya ba gaɓa sauti huɗu, rubutun hannu ya nuna biyar. Akwai inda marubucin littafin Einsiedeln, na dangin Saint-Gall, ya sa harafin e, wato wannan sauti daidai yake da wanda ya gabace shi, amma bugun ya hau mataki. Akwai inda tsohon marubuci ya zana pes, alamar sauti biyu masu hawa, iri biyu, ɗaya mai lanƙwasa ɗaya mai kusurwa, bugun ya mayar da su abu guda. Wasu waƙoƙin ma babu niyum ko ɗaya a kansu.

Daga ina saɓanin nan ya taso? Kuskuren maɗaba'a ne, ko da sani aka yi? Sannan ƙungiyar mawaƙa da za ta rera a Misa, wanne za ta bi?

Alƙalami da Tawada

Tare da kai, ɗan'uwa. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Fara riƙe wannan: sautukan da ke tsakiyar shafin Triplex ba na 1979 ba ne, shekarar da littafin ya fito. Graduale Romanum na 1974 aka ɗauko aka kwafi niyum a kansa da hannu, Marie-Claire Billecocq ta kwafi na Laon, Rupert Fischer ya kwafi na Saint-Gall. Shi kuma na 1974 jerin waƙoƙin kawai aka sake domin ya dace da sabon tsarin Misa, karin waƙar kuwa na bugun Batikan ne na 1908. Ke nan kana kallon hukuncin editocin farkon ƙarni na 20 a gefen hannun marubutan ƙarni na 10, ba tare da wani ya sasanta su ba. Da ma an yi littafin ne don a ga saɓanin.

Kafin 1908 abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Bugun Medici da ya fito a Roma a 1614 da 1615, wanda Felice Anerio da Francesco Soriano suka shirya, ya datse dogayen jan murya, ya kwashe sautuka daga gaɓoɓi marasa nauyi ya tara su a kan gaɓar da ke da nauyi a kalmar Latin. Wannan bugu ne kamfanin Pustet na Regensburg ya sake bugawa a 1871 da izinin Roma na shekara 30. Sufayen Solesmes a Faransa suka tsaya a kan cewa wannan ba shi ne karin asali ba, kuma hujjarsu hoto ce. Dom André Mocquereau ya fara fitar da Paléographie musicale a 1889, ya ɗauki waƙa guda, Justus ut palma, ya jera hotunanta daga rubuce-rubuce fiye da 200 na ƙasashe da ƙarnuka daban-daban. Kowa ya ga kusan kari ɗaya suke ɗauke da shi, bugun Regensburg ne bare a cikinsu.

Da Paparoma Pius na 10 ya kafa kwamiti a 1904 don fitar da bugun Batikan, sai aka rabu gida biyu. Mocquereau yana son a bi mafi tsufan karatu duk inda aka same shi. Dom Joseph Pothier, wanda shi ne shugaban kwamitin, yana ganin karatun da ya zo daga baya, in ya bazu kuma ya zauna a bakin mawaƙa na ƙarnuka, shi ma gadon Ikilisiya ne, ana iya zaɓarsa. A 1905 Roma ta ba Pothier gaskiya, aka mai da littafinsa Liber Gradualis na 1895 tushen aikin, mutanen Solesmes suka janye. Saboda haka wurare da dama da ka ga bugun ya saɓa wa Einsiedeln, zaɓi ne aka yi ido buɗe.

Amma akwai dalilin da ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Rubuce-rubucen da suka fi tsufa ba sa faɗin matakin sauti. Cantatorium na Saint-Gall mai lamba 359, wanda aka rubuta wajen 922 zuwa 925, da Einsiedeln 121, da Laon 239, duk babu layi a cikinsu. Suna gaya maka sauti nawa ne a gaɓa, ina aka hau, ina aka sauka, wanne za a ja, wanne za a wuce da sauri. Ba sa gaya maka hawan taki ɗaya ne ko uku, domin mawaƙin da aka rubuta dominsa ya riga ya haddace. Laon yana ɗan ɗaga alama ko ya saukar da ita, amma ba da awon da za ka dogara a kai ba. In kana son matakin sauti dole ka gangaro ƙarni na 11 da na 12, zuwa Benevento 34, ko Albi da ke Paris mai lamba latin 776, ko Saint-Yrieix mai lamba latin 903, ko Montpellier H 159 wanda ya rubuta haruffa a ƙarƙashin niyum. A tsakanin nan shekara ɗari zuwa ɗari biyu sun shige, kari ya motsa.

Motsin da ya fi yawa shi ne wajen rabin taki. Ti tana zamewa ta koma do, mi tana zamewa ta koma fa, domin murya ta fi samun wurin zama a sautin da ke saman rabin taki. A ƙasashen Jamus abin ya yi ƙarfi har Peter Wagner ya kira shi karin harshen Jamusawa. Duba buɗewar da Gaudeamus da Statuit da Rorate suka yi tarayya a kai: bugun Batikan yana da re, la, ta, wato ti mai laushi, littattafan Jamus kuwa re, la, do. A modus na 3 ma, wato na uku cikin nau'o'in kari takwas, tsohon sautin karatu, wanda ake jan yawancin kalmomi a kansa, ti ne, daga baya ya koma do, kuma bugun 1908 yakan bi do. Antiphonale Monasticum na 1934 ya dawo da ti a wurare da yawa, shi ya sa antifon ɗaya, wato gajeren amshin da ke rakiyar zabura, za ka same shi da fuska biyu tsakanin littafin sufaye da Antiphonale na Roma na 1912. Harafin e da ka ambata sau da yawa a irin wannan wuri yake fallasa bugun: marubuci ya ce daidai, bugun ya ce ti sannan do, ko akasin haka. Haka virga da tractulus na Saint-Gall, na farko yana nuna sautin da ya fi maƙwabcinsa tsawo, na biyu wanda ya fi ƙasa. In ka ga tractulus a inda bugun ya miƙe a kan do, to akwai alamar tambaya.

Sai matsalar sautukan da tsarin rubutu bai tanada ba. Tsarin da aka gada daga zamanin Guido na Arezzo sauti ɗaya tak ya yarda ya canza, wato ti, ko mai tauri ko mai laushi. Waƙar da ke buƙatar fe (fa da aka ɗaga rabin taki) ko ma (mi da aka saukar rabin taki), babu inda za a rubuta su. Marubutan kirki sukan ɗaga waƙar gaba ɗaya. Communio Beatus servus ta modus na 3 ce amma an rubuta ta tana ƙarewa a la, domin a can ta da ti suna tsaya wa fa da fe. Dangin Justus ut palma, har da Haec dies na Ista da Requiem aeternam, modus na 2 ne da aka ɗaga zuwa la. Wasu marubutan kuwa sai su ɗaga jimla ɗaya kawai su bar sauran, ko su gyara sautin da ya dame su. In edita ya bi irin wannan littafi, jimla guda tana iya zama taki ɗaya sama ko ƙasa da inda take a asali, kuma niyum marasa layi ba za su tona ba sai a mahaɗar jimlolin.

Littattafan ƙungiyoyin Sistasiyawa da Dominikawa kuma ka ajiye su gefe a wannan bincike. Gyaran da aka yi a zamanin Bernard na Clairvaux ya taƙaita faɗin waƙa zuwa sauti goma, ya rage jan murya, ya kauce wa ti mai laushi. Shaidu ne na gyara, ba na asali ba.

Uwar Mawaƙa

Malam ya gama da matakin sauti, bari in taɓa ɓangaren da ya fi shafar mai rerawa, wato tafiyar waƙar. Ɗana, a ganina nan ne asarar ta fi girma, domin sauti ɗaya da ya koma do maimakon ti ba ya kashe waƙa, amma rera komai da tsawo ɗaya yana kashe ta.

Rubutu mai kusurwa huɗu na ƙarni na 13 ne, kuma a lokacin an riga an manta da yawancin bambancin da tsofaffi ke zanawa. Pes mai lanƙwasa a Saint-Gall sauti biyu ne masu sauƙi da ke gudu zuwa sama. Pes mai kusurwa sauti biyu ne masu faɗi. Bugun yana da siffa ɗaya ga duka biyun. Haka clivis, sauti biyu masu sauka, mai ɗan layi a kai da wanda aka sa wa c, harafin sauri. Haka oriscus, alamar sauti ɗaya mai siffa ta musamman, wanda bugun Batikan ya mayar da shi sauti kamar kowane.

A rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Bugun Batikan tsantsa ba shi da ɗigon tsawaitawa, ba shi da episema, wato ɗan layin da ake sawa a kan sauti. Abin da yake da shi shi ne sandunan tsayawa da kuma farin fili da ake bari tsakanin rukunin sautuka a cikin dogon jan murya, wanda gabatarwar littafin ta ce yana nufin a ɗan ja. Ɗigo da episema na kwance da na tsaye, Solesmes ne suka ƙara su a nasu bugun, kamar Liber Usualis. Episema na kwance da yawa daga Saint-Gall aka ɗauko su, amma ba duka aka ɗauko ba, an sa a nan an bari a can. Na tsaye kuwa, wato ictus, babu shi a kowane tsohon rubutu, na tsarin Mocquereau ne na ƙirga bibbiyu da uku-uku. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi don haɗa kan mawaƙa, laifin shi ne a ɗauka marubucin ƙarni na 10 ne ya sa shi.

Ga wuraren da aka fi yin kuskure. Salicus, rukunin sautuka masu hawa: tsohuwar koyarwar Solesmes ta ce a ja sautin da ke kafin na ƙarshe, wanda aka yi wa alama. Dom Eugène Cardine ya nuna cewa wannan sauti oriscus ne, aikinsa tura murya zuwa na sama, saboda haka nauyin yana kan na ƙarshe. Strophicus: sautuka biyu ko uku a mataki ɗaya da ake haɗewa a yi dogon sauti guda, alhali marubuci ya zana su ɗaya-ɗaya domin a sake buga kowanne a hankali ba tare da an yanke numfashi ba. Bivirga kuma, wato virga biyu a mataki ɗaya, ta fi su nauyi, kada a rera su iri ɗaya. Quilisma, alama mai haƙora a tsakiyar hawa: shi kansa mai sauƙi ne, wanda ke gabansa ana faɗaɗa shi, amma wanda ke bayansa shi ne masauki, kada a tsallake shi da gudu.

Sai yankan niyum, wanda ni a wurina ya fi kowace alama amfani. In marubuci yana iya zana sauti shida da jan alƙalami ɗaya amma ya ɗaga hannu bayan na biyu, to sautin da ya tsaya a kai yana da muhimmanci. Bugun sau da yawa yana sake rarraba rukunin, sai mawaƙi ya jingina a inda tsohon bai jingina ba.

A yi hattara da haruffa. A Saint-Gall c sauri ne, t riƙewa, x jira, st kuma a wuce nan take. Harafin a a Saint-Gall yana nufin a ɗaga sama, amma a Laon yana nufin a faɗaɗa. Wanda ya karanta na Laon da ma'anar Saint-Gall zai yi ta neman hawan da babu shi. Sandunan tsayawa ma na editoci ne. In ka ga ƙaramar sanda a bugu, ka ga st ko c a daidai wurin a rubutun hannu, kada a yi numfashi a nan.

Tsohon Fada

'Ya'yana, na yarda da abin da aka faɗa, amma kada a fita daga nan da tunanin cewa bugun 1908 aikin banza ne. Tun 1906 Heinrich Bewerunge na Maynooth ya soki Kyriale na Batikan na 1905, littafin waƙoƙin Misa da kalmominsu ba sa canzawa, da irin wannan hujja, Peter Wagner ya mayar masa da martani a shekarar da ta biyo. Muhawarar ta haura shekara ɗari. In ka jera Graduale na Batikan da na Regensburg, ka jera su da Einsiedeln, za ka ga Pothier ya dawo da mafi yawan abin da ya ɓata. Kuma tambayarsa tana nan da ranta: wane rubutu ne asali? Laon da Saint-Gall ma suna saɓa wa juna a wasu wurare, kuma dukansu sun zo fiye da shekara ɗari bayan an tsara waƙoƙin a daular mutanen Frank ta ƙarni na 8.

Game da waƙoƙin da ba su da niyum, dalili biyu ne. Ko dai shafin ya ɓace, kamar yadda Laon ya rasa ganye da dama, musamman a wajen Alleluia, ko kuma waƙar ba tsohuwa ba ce. Idin da aka kafa daga baya an ɗinka musu waƙa ne daga tsohon kari. Gaudens gaudebo na ranar 8 ga Disamba an ɗora shi a kan karin Vocem iucunditatis. Neman sa a littafin ƙarni na 10 ɓata lokaci ne, amma kana iya buɗe uwar karin ka ga yadda aka zana ta.

Kyriale kuma lissafinsa daban. Haɗa Kyrie da Gloria da Sanctus da Agnus Dei a Misa 18 yawancinsa aikin editoci ne, a tsofaffin littattafai kowane iri yana nasa sashe. Sunaye irin su Orbis factor da Lux et origo ragowar kalmomin da ake cusawa cikin Kyrie ne, waɗanda aka cire. Misa ta 8 da Credo na 3 'yan baya-bayan nan ne ƙwarai.

Kada a manta da kalmomi. A 1632, zamanin Paparoma Urban na 8, an sake rubuta waƙoƙin yabo na addu'ar sa'o'i don su dace da ma'aunin waƙen Latin na da. Conditor alme siderum ya zama Creator alme siderum, Ad cenam Agni providi ya zama Ad regias Agni dapes. Sufaye ba su karɓa ba, Liber Hymnarius na 1983 kuma ya koma kusa da tsohon. Ayoyin Offertorium ma bugun Batikan ya bar su, in ban da Hostias na Misar matattu.

Amsar tambayarka ta ƙarshe: karin Batikan shi ne na hukuma har yanzu. Majalisar Batikan ta Biyu, a sakin layi na 117 na kundinta kan ibada, ta nemi a shirya bugu mafi inganci. Graduale Novum, juzu'i na farko a 2011 na biyu a 2018, amsa ce ga wannan kira, amma ba a ayyana shi ya maye gurbin na hukuma ba.

Ɗan Zabura

Na gode ƙwarai, Fada, Mama da Malam, Allah ya ƙara basira. Saura guda. In mutum ya ga wuri ɗaya da yake zargin bugun ya kauce, ta yaya zai tabbatar da kansa, ba tare da ya dogara ga abin da wani littafi ya yanke ba?

Alƙalami da Tawada

Fara da shekarun waƙar. A saman kowace waƙa Triplex yana sa wasu daga haruffan M, R, B, C, K, S. Su ne littattafai shida mafi tsufa na kalmomin Misa da Dom Hesbert ya tattara a 1935: Monza, Rheinau, Mont-Blandin, Compiègne, Corbie da Senlis. In haruffan sun yi yawa, waƙar ta tsohon tushe ce, bincike zai yi amfani. In babu ko ɗaya, ka rage buri.

Daga nan duba gefen shafi, inda aka rubuta littafin da aka kwafo da lambar shafinsa. Jan tawada ba littafi ɗaya ba ne. Cantatorium waƙoƙin mai rerawa shi kaɗai ya ƙunsa, wato Graduale da Alleluia da Tractus, saboda haka Introitus da Offertorium da Communio galibi daga Einsiedeln suke, wani lokaci daga Bamberg ko Saint-Gall 339. Hannuwan nan ba halinsu ɗaya ba, Einsiedeln ya fi yawan haruffa. Buɗe hoton ainihin shafin, na Saint-Gall da na Einsiedeln suna shafin intanet na e-codices, na Paris suna na Gallica. Kwafin hannu, komai ƙwarewar mai yinsa, yana iya sauke episema ko ya gusar da harafi zuwa gaɓa ta gaba. Chartres 47 kuwa, wani tsohon rubutu marar layi, ya ƙone a 1944, hotonsa da ke juzu'i na 11 na Paléographie musicale shi ne madogara.

Sai ka zana jadawali irin na Solesmes: kowace gaɓa da ginshiƙinta, kowane littafi da layinsa, marasa layi a sama, masu nuna mataki a ƙasa. Kada ka yi gaɓar da kake zargi ita kaɗai, ɗauki jimlar duka da ƙarshen wadda ta gabace ta da farkon mai bi mata. Ƙirga yawan sautuka tukuna. In Laon da Chartres da Saint-Gall sun haɗu a kan biyar, bugun yana da huɗu, wannan shaida ce mai ƙarfi, domin dangi uku ne daga yankuna uku. Sau da yawa abin da ya ɓace maimaicin sauti ne a mataki ɗaya, ko ƙaramin sautin da ke narkewa a kan l, m, n, r ko a kan au. Bayan ƙirga sai alkibla, ina hawa ina sauka. Matakin sauti shi ne na ƙarshe, kuma karatun da za ka karɓa daga Benevento ko Albi dole ya dace da abin da niyum marasa layi suka zana. In bai dace ba, shi ne ya canza.

Kada ka yi ƙuri'a. Littattafai goma da suka fito daga gida ɗaya shaida ɗaya ce. Saint-Gall da Einsiedeln da Bamberg 'yan ɗaki ɗaya ne. Benevento da Albi in sun yarda da juna sun fi littattafan Jamus ashirin nauyi a kan batun ti da do, domin an san inda Jamus ta karkata. Klosterneuburg, wato Graz 807, yana da amfani sosai a sauran wurare, amma a wannan batu ka san halinsa.

Tarkuna uku. Rubutun kudancin Faransa irin na Albi ba shi da mabuɗi a farkon layi, sai ka san modus tukuna kafin ka san wane sauti ne ke zaune a kan layin, kuma ka bi ƙaramar alamar ƙarshen layi da ke nuna sautin gaba. Montpellier ba bisa kalandar ibada aka jera shi ba, bisa nau'in waƙa da modus ne, sai da fihirisa za ka sami abin da kake nema. Na uku ya fi su haɗari: rashin alamar laushi a kan ti ba hujja ba ce cewa mai tauri ce. Marubuta da yawa ba sa rubuta ta ko kaɗan. Montpellier yana taimakawa a nan domin yana bambanta su, i a miƙe ga mai tauri, i a karkace ga mai laushi, sai dai shi ma shaidar Dijon ce ta ƙarni na 11.

In ka gama, nemi wannan jimla a 'yan'uwan waƙar. Graduale da Tractus cike suke da jimlolin da ake maimaitawa, kuma za ka tarar bugun ya rubuta jimla ɗaya iri biyu a wurare biyu alhali niyum iri ɗaya ne. Sai a ƙarshe ka buɗe Novum ka ga ko hukuncinka ya zo ɗaya da nasu.

Uwar Mawaƙa

Ƙari kaɗan game da ƙungiya. Gyaran tafiya da gyaran sauti ba matsayinsu ɗaya ba. Na tafiya ana iya shigar da shi yau ba tare da an taɓa littafi ba: jagora ya yi wa kwafinsa alama da fensir, ya nuna da hannu, mawaƙa su bi. A fara da abu biyu kawai, yankan niyum da maimaita strophicus, sauran su biyo baya in waɗannan sun zauna.

Gyaran sauti kuwa kada a yi shi tsinci-tsinci. In an mayar da do zuwa ti a jimla ɗaya aka bar 'yar'uwarta, waƙar ba ta zama ta 1908 ba, ba ta zama ta ƙarni na 10 ba. Haka in rabin mawaƙa suna riƙe da Liber Usualis, rabi suna riƙe da Novum, za a yi karo daidai a rabin taki, inda kunne ya fi jin ciwo. A zaɓi bugu ɗaya ga kowace waƙa, kowa ya riƙe shafi iri ɗaya, har da mai kiɗa in ana raka waƙar, domin littattafan rakiya da aka saba da su an gina su ne a kan karin Batikan. Abin da jama'a ke amsawa, kamar Kyrie da Credo da Pater noster, a bar shi yadda suka haddace. Gyararren kari a ajiye shi ga Introitus da Graduale da Communio, waɗanda ƙungiya ke rerawa ita kaɗai.